Ranar da Na Kasa Taɓa Kawu

Na Allah ne mu, kuma wurinsa muka nufa duka. Wata biyar ke nan da muka rufe Kawu, yayan mahaifiyata, a wata maƙabarta da ke bayan garin Alƙahira. Ina rubuta wannan don kada a manta da shi. Ina kuma rubutawa don akwai abin da na ɓoye a kan mutuwarsa, na ɓoye wa matarsa, na ɓoye wa kowa, kuma wallahi ɓoyon ya kusa kashe ni.

Kwana uku aka yi ana zaman makoki a gidansa na haya a unguwar Faisal, hawa na huɗu. Falon bai ɗauki mutane ba, sai aka shimfiɗa tabarmi a kan matakala. Ɗalibai sun zo daga Ard al-Liwa, 'yan kasuwar Ataba sun rufe harkokinsu sun zo, 'yan Nijar sun zo a ƙungiya. Tsohon Bamisiren da ke gadin gidan shi ya riƙa hawa da sauka da shayi, yana share ido da hannun riga, yana cewa bai taɓa ganin ɗan haya irin Hajji ba. Wani ɗalibi ɗan Maraɗi kuwa ya zauna a bakin ƙofa ya ƙi shigowa, ya ƙi tafiya. Duk wanda ya zo wucewa sai ya ce masa, "Numfashin da nake yi yanzu nasa ne." Ba wanda ya iya ba shi haƙuri.

Ni ne abin ya fi yi wa muni, don kowa in ya gama addu'a sai ya ce, "Ina ɗan ƙanwar tasa?" A nuna ni. Ya kama hannuna biyu ya ce, "Kai ne ka hura masa iska? Allah ya saka maka. Kwana ne ya ƙare, ka yi iyakar yinka." Inna, matar Kawu, tana bayan labule tare da mata. Na ji ta da kunnena tana gaya musu, "Yaron nan bai bar Kawunsa ba ko na ƙiftawar ido. Yana gani ya janyo shi." Daga bakina ta ji haka. Ni na faɗa wa likita, na faɗa wa ɗalibai, na faɗa mata. Ƙarya ce.

Amma bari in fara gaya muku ko wane ne mutumin.

Kawu ɗan Yauri ne, jinin masunta, ya iya iyo kafin ya iya alwala. Karatu ya kawo shi Masar tun ba a haife ni ba, karatun bai ƙare ba, sai ya gangara Bahar Maliya ya kama aiki a jiragen da ke kai baƙi kallon kifi. Irin kallon nan da ake sa gilashi a fuska, a kama bututu da baki, mutum ya kwanta rub-da-ciki a kan ruwa yana numfashi ta bututun yana kallon ƙasa. Ya fi shekara ashirin yana wannan aiki, kuma a can aka koya masa yadda ake ceto wanda ruwa ya ci. Da hargitsin siyasar Masar na 2011 ya kori baƙi, sai ya tattara ya dawo Alƙahira, ya zama uban duk wani Bahaushe da ya sauka bai san hannunsa na dama ba. Allah bai ba su haihuwa ba shi da Inna, to mu ne 'ya'yan.

Kowace shekara in an gama jarrabawa sai ya ɗauki motar haya ya kai mu bakin teku a Ain Sukhna mu yini a ruwa. Yana cewa, "Kun yi wata tara kuna kallon takarda, ku zo ku kalli abin da Allah ya rubuta a ƙarƙashin ruwa." Sai dai kafin ka ga ruwan nan sai ka sha wahalar Kawu.

Shi da kansa yake zuwa Ataba sayen kayan. Zai tsaya a gaban mai shago yana hura kowane bututu ɗaya bayan ɗaya, mai shago yana "Yalla ya Hajji," shi ko a jikinsa. In bututu ya cika tsawo ko ya cika siriri sai ya ture shi gefe ya ce, "Wannan iskar da ka fitar ita za ka sake shaƙa, kafin ka ankara kanka ya fara juyawa." Ranar Alhamis da la'asar kuma ya tara mu a falo, a kawo bahon wanki cike da ruwa, manyan ɗalibai masu gemu su riƙa durƙusawa suna tsoma fuska suna koyon furzar da ruwa daga bututu. Inna tana kicin tana dariya har da tari. Bayan baho sai matashin kai: nan ne ƙirji, ga inda ake ɗora hannu, ga yadda ake dannawa.

Sannan ya riƙa kiran mu ɗaya-ɗaya zuwa baranda, ya ja ƙofa. Ya san halinmu, ba mai faɗin ciwonsa a gaban mutane. "Kana da asma? Farfaɗiya fa? An taɓa ce maka zuciyarka ko jininka da matsala? Kalle ni ka faɗa." In ka ce e, ba zai hana ka zuwa ba, amma iyakarka inda ruwa ya kai gwiwa, kai ne mai gadin takalma.

Ya fi jin haushin mu 'yan bakin kogi, don mu ne masu ganin mun iya. A gida in za mu yi gasar nutso sai mu yi ta jan numfashi da sauri-sauri kafin mu shiga, wai don mu daɗe. Kawu ya ce, "Jikinka kake ruɗa. Ba zai gaya maka iska ta ƙare ba, sai dai ka suma a ƙasa kana ganin kai gwani ne. Duk wanda na gani yana wannan haki, a mota zai yini." Wata shekara wani ya taka bushiyar ruwa, ƙayoyi suka cika masa tafin ƙafa, wani malamin cikinmu ya ce a yi masa fitsari a wurin. Kawu ya dube shi ya ce, "A wane littafin ka karanto?" Ya sa aka kawo ruwan zafi iya wanda fata za ta jure, aka tsoma ƙafar, ya zare waɗanda suka zaru, ya hana a tona sauran da allura, ya ce na likita ne.

Ɗan Maraɗin nan da ya zauna a bakin ƙofa, a baranda ya kalli Kawu ido cikin ido ya ce lafiyarsa ƙalau, alhali yana da asma. Shekarar 2012 ke nan. Numfashi ya sarƙe masa a ruwa, ya shaƙi ruwa, aka fito da shi ba ya motsi. Mu kuwa sai muka yi abin da muka gani a gida: biyu suka hau danna masa ciki don ruwa ya fita, wani yana cewa a ɗaga ƙafafunsa sama a zazzage shi. Ban taɓa jin muryar Kawu kamar ta ranar ba. "Ku sauka daga cikinsa! Iska yake nema, ba matsa ba!" Ya nuna mutum ɗaya da yatsa ya ce, "Kai, kira motar asibiti." Ya kwantar da shi a bayansa, ya tura goshinsa baya, ya ɗaga haɓarsa, ya kara kunne. Ba numfashi. Ya toshe masa hanci ya hura masa sau biyar, ya koma ƙirji yana dannawa yana ƙirgawa da ƙarfi har talatin, ya hura biyu, ya koma. A zagaye na uku mutumin ya yi tari ya yi amai, Kawu ya juya shi a gefensa.

Da ya dawo hayyacinsa sai ya ce shi ba zai je asibiti ba, takardar zamansa ta ƙare, yana tsoron a riƙe shi. Kawu ya ce, "Ruwan da ya taɓa huhu yana iya yin shiru sai mun kai Alƙahira ya shaƙe ka. Gara a riƙe ka da ranka." Ya shiga motar tare da shi, ya kwana biyu a can, bai dawo ba sai da shi. Sannan ya yi wata guda cur ba ya amsa masa gaisuwa saboda ƙaryar baranda. Haka yake.

Daga wannan shekara ya tsananta dokarsa ta biyu-biyu. Yana cewa, "Wanda ruwa yake ci ba ya ihu, ba ya ɗaga hannu. Mai kallon kifi da wanda ya suma, in ka dube su daga sama duk ɗaya ne, kowa kwance fuska a ruwa. Saboda haka ido ba ya isa, sai hannu. Ka ja tasbihi talatin da uku a zuciyarka, ka taɓa kafaɗar ɗan'uwanka. In ya ɗaga yatsa, tamam. In bai ɗaga ba ka juyo shi, ko da zai zage ka." Mun haddace wannan kamar karatun allo.

To ga ɗaya ɓangaren nasa, kuma ba zan ɓoye ba don ya mutu. Kawu yana da kwarjini, kuma yana son a san da haka. Makon da na sauka Alƙahira na ga yadda Misirawa suke rungumar iyayensu suna dafa su, sai na ɗauka an waye. Aka zo ɗaukar hoto a gaban baƙi, na ɗora hannu a kafaɗarsa. Hannun kawai ya kalla, ya ci gaba da kallo, har na sauke shi da kaina. Da baƙi suka tafi ya ce, "A gidanmu aka koya maka haka? Ni sa'anka ne?" Na so ƙasa ta tsage. Tun daga ranar, shekara uku, in ban da musabaha da hannu biyu ina rusune, jikina bai sake taɓa nasa ba. Ya ciyar da ni, ya yi jinyata da na yi zazzaɓi, ya je makaranta ya tsaya mini da aka so a maimaita mini shekara. Ina son sa fiye da yadda zan iya faɗa. Amma ina tsoron sa.

Tafiyarmu ta bana, 2014, ana saura kwanaki a fara azumi. Ya kira kowa baranda kamar kullum. Shi ba wanda ya kira shi. Na san yana shan maganin hawan jini, don ni nake sayo masa. Da muka sauka daga mota na ga ya tsaya sau biyu kafin mu kai bakin ruwa, yana yi kamar yana gyara jaka. Da ya zauna sa takalman iyo na ga ƙafafunsa a kumbure, har robar ta ƙi shiga sai da ƙyar. Na buɗe baki in ce, "Kawu, yau ka zauna." Ina! Wa zai ce wa Kawu ya yi gadin takalma? Na haɗiye maganata.

Da yake raba mu biyu-biyu sai ni na rage ba abokin tafiya. Ya ce, "Khalas, shi ke nan, yau kai ne nawa. Ka san doka." Na ce, "Na sani, Kawu."

Muka shiga. Ruwan garau, rana ta haska har ƙasa. Ba mu yi nisa ba, inda muke in ka tsaya ruwa zai ɗan shanye kanka. Ya taɓa kafaɗata, na ɗaga yatsa. Ya sake taɓawa, na ɗaga. Ni kuwa in tasbihina ya cika sai in juya in kalle shi kawai, in ga ƙafarsa tana motsi, in ce ai ya wadatar. Sau ɗaya ya ɗago kai ya cire bututu ya yi tari mai nauyi. Shi ne fa ya koya mana cewa tari da ƙarancin numfashi a ruwa ma'anarsu a fita yanzu. Na ce, "Kawu, lafiya?" Ya ɗaga mini hannu ya mayar da bututun. Na ƙyale shi.

Daga nan bai sake taɓa ni ba.

Na lura. Kada wani ya ce ban lura ba. Na ja tasbihi ya cika, na dube shi, yana kwance shiru, hannuwansa a sake. Zuciyata ta ce wani kifi ya gani yake kallo. Na miƙa hannu, saura kaɗan ya kai kafaɗarsa, sai na tuna idon nan da ya kalli hannuna da shi, na janye. Na ce bari in ƙara wani tasbihin. Ya cika. Na sake miƙawa, na sake janyewa. Na zagaya gabansa wai ko zai gan ni ya ɗaga yatsa, don kada in taɓa shi. Subhanallah! Mutum yana mutuwa a gabana, ni ina neman hanyar da ba zan yi masa rashin kunya ba. Sai da igiyar ruwa ta ɗan juya shi na ga bakin bututun ya nutse, ruwa ya rufe shi, kuma bai furzar ba.

Abin da ya biyo baya shi ne wanda kowa ya sani, kuma wannan gaskiya ne. Na juyo shi, na fizge gilashin, na yi ihu, muka fito da shi. Ɗan Maraɗi ya kira motar asibiti. Na tura goshinsa baya, na ɗaga haɓarsa, na ɗora bakina a kan nasa. Hannun da ya kasa taɓa kafaɗa shi ne ya riƙa danna ƙirjin Kawu har na ji ƙashi ya yi ƙara. Kumfa mai ja-ja tana fitowa daga bakinsa, ina sharewa ina hurawa. Talatin, biyu, talatin, biyu. Muna karɓa-karɓa da ɗan Maraɗi, yana kuka yana cewa, "Tashi, Baba, tashi ka ƙi amsa gaisuwata." Ba mu tsaya ba har ma'aikatan asibiti suka karɓe mu. Likita ya ce mai yiwuwa zuciya ce ta gaza, huhu ya cika da ruwa. Ya tambaye ni tsawon lokacin da ya yi fuska a ruwa ba ya motsi. Na ce ina gani na janyo shi.

Wata huɗu na yi da wannan ƙarya a wuyana. Na kasa karatu. In na tsoma hannu a ruwan alwala sai in janye shi da sauri. In na ɗauki carbi na kai talatin da uku sai yatsuna su ƙi ci gaba. Na je wurin wani likitan daban na ba shi labarin kamar na wani ne, na ce da an juyo shi da wuri zai rayu? Ya ce ba wanda zai iya rantsewa, amma a irin wannan kowane minti yana da nauyi. Na fito na zauna a bakin titin Faisal motoci suna ta yi mini ham. Kuma duk Juma'a in na kai wa Inna cefane sai ta sa mini albarka daga bayan labule, ta ce Kawu ya bar mata ɗa.

Da ta fita takaba 'yan'uwanta suka aiko mata da tikitin komawa gida. Saura kwana uku ta tashi na je da hantsi. Falon duk akwatuna. Ta fito ta zauna a kujerarsa, na durƙusa a ƙasa. Ta ce ga jakar kayan ruwansa nan, ni ta bar wa, in ci gaba da kai yara.

Na ce, "Inna, ba zan iya karɓa ba sai kin ji wata magana."

Na faɗa mata duka. Ƙafar, tarin, tasbihin, hannun. Ban ɗaga kai ba har na gama. Sai ta tambaye ni.

"Sau nawa ka miƙa hannun?"

"Sau biyu, Inna."

"Kana ganin sa?"

"Ina ganin sa."

"Da ka taɓa shi, da ya rayu?"

"Likita ya ce ba a sani ba."

"Ba likita na tambaya ba."

Na ce, "Ni a raina ina ganin da ya rayu."

Ta ja mayafi ta rufe fuska. Da ta yi magana muryarta ta dushe. Ta ce, "Ni ma na ga ƙafar nan da safen. Na ɗaure masa abinci, na ce Allah ya kiyaye hanya, ban ce kada ya je ba. Shekara talatin ban taɓa ce masa kada ya yi abu ba. Ladabi muka yi ta yi masa har ya mutu." Sannan ta ce, "Amma ni ba na cikin ruwan. Kai ne a ciki. Kuma ka bar ni ina gode maka a gaban mutane."

Na kifa goshina a ƙasa na ce, "Inna, don Allah ki yafe mini."

Ta ce, "Na yi wata huɗu ina sa maka albarka, ba zan iya juya zuciyata a yini ɗaya ba. Ka ba ni lokaci. Ka je ka gaya wa yaran gaskiya, kada gobe wani ya tsaya yana jin kunyar wani. Tashi ka tafi, yau ba na son ganin ka."

Ya Allah ka jiƙan Kawu, ka karɓi mutuwarsa a ruwa a matsayin shahada, ka saka masa da kowane numfashi da ya mayar wa bayinka, ka yafe masa tsananinsa, ka yalwata masa makwanci a ƙasar da ba tasa ba.

Ni na kai Inna filin jirgi, ni na ɗauki akwatunan. Da za ta shiga ta ce in kula da karatu. Juma'a uku ke nan da tafiyarta, kuma kowace Juma'a bayan an sauko ina kiran ta. Tana ɗauka. Mu gaisa, ta tambayi yara, in tsaya ina jira ko za ta ce ta yafe mini, sai ta ce, "To, sai wata Juma'ar."